Sunan da Ke Ƙasan Shafi

Ambohitsara, 3 ga Afrilu, 1977

Zuwa ga ɗana Tsiry,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da karatun haɗa magungunanka da sanyin ƙasar Turawa. Mu nan sai godiyar Allah. Babanka Rajaona lafiya, sai ƙorafin gwiwa. Shinkafa ta nuna, an fara yanka a fadamar ƙasa. Ni kuwa tarin nan ya ƙi sakina, likitan Manjakandriana ya ɗora mini abin saurarensa ya gama ya sallame ni, ni kuma ban tambaye shi abin da ya ji ba.

Na san za ka juya ambulan ka sake duba sunan. I, ni ce, Vaonirina 'yar Ratsimba, mai ɗinki a bayan coci, wadda innarka ke janye ka gefe in kun haɗu da ita a hanyar rijiya. Kakanka Ralaivao da babana uwa ɗaya uba ɗaya suke, don haka ko ana so ko ba a so ni gwaggonka ce. Adireshinka a wurin fasto na samu, ban je gidanku ba.

Bana za a buɗe ɗakin kakanni, kabarin dutse na danginmu, a sauya musu likkafani. Shekara bakwai ke nan rabon da a ture dutsen ƙofar, in an rufe kuma sai wata bakwai. Babana shekara ashirin da huɗu ke nan yana binne a waje, a gindin katangar ɗakin, daidai inda ruwan tudu ke gangarowa. Daminar da ta wuce ta cinye ƙasar wurin har sai da na yi ta jido duwatsu ina tarewa. Ina so a shigar da shi bana. Na sayi likkafanin alharini tun bara, yana cikin akwatina.

Na je wurin Baffa Randrianja, tunda shi kaɗai ya rage a cikinsu su uku, maganarsa ce ke buɗe ƙofa. Ya ce mutumin da ya rubuta sunan wansa a jaridar Turawa har aka zo aka tafi da shi ba zai kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Na so in ce masa ai kakanka ma ba ya ciki, likkafani ne aka naɗe babu kowa tunda gawarsa ba ta dawo ba, amma na haɗiye.

Ka san labarin yadda ake faɗarsa a gidanku. A watan Afrilun arba'in da bakwai, mako biyu da tashin tawaye, jaridar Turawa masu gonaki, Fitilar Tsibiri, ta buga cewa Ralaivao ne ke rantsar da mutanen ƙauyen nan. A ƙasan shafin akwai sunan babana. Kwana uku aka yi sojoji suka zo. Babana yana aiki a gidan jaridar a Antananarivo, bai leƙo gida ba sai watan Yuni. Har ya mutu magana ɗaya yake yi: bai rubuta ba, yana kurkuku a lokacin. Aka ce wa ya taɓa fitowa daga kurkuku da ransa a wannan shekarar in ba yaron Turawa ba? Sai kurkukun ma ya zama masa wata shaidar laifi.

Jaridar da muka gani tuni aka ƙone ta. Fasto ya ce Faransawa ba sa yar da takarda, duk jaridar da aka taɓa bugawa a nan suna da ita a ɗaure a wani ɗaki a can. Ina roƙonka ka je ka duba mini. Abin da ka gani ka faɗa mini, ko da zai ƙona ni.

Za a yi zaman dangi farkon watan Yuli a tsayar da waɗanda za a naɗe a sabon likkafani. Na sa maka dakakken ganyen rogo busasshe a ƙunshin, an ce a can sai ciyawa da mai ake ba ku.

Gwaggonka,
Vaonirina

Paris, 24 ga Afrilu, 1977

Gwaggo,

Na samu wasiƙarki da ƙunshin, na gode. Ina lafiya. Allah ya sauƙaƙe tarin, kuma ki koma wurin likitan ki tambaye shi, aikinsa ke nan. Ganyen rogon na dafa shi da naman alade, mai gidan da nake haya ta hau bene ta tambaya ko wani abu ne ya mutu a ɗakina.

Ba zan ɓoye miki ba, wasiƙar ta kwana biyar a kan tebur ban san me zan yi da ita ba. Ni na tashi ne ina ganin hoton kakana a bango da baƙin ƙyalle. Babana yana da shekara ashirin da biyu aka tafi da ubansa a jirgin ƙasa a gabansa, har yau in jirgin ya wuce sai ya kau da kai. Yanzu ke ce za ki aike ni in wanke mutumin da aka koya mini kada in ambaci sunansa. A duk dangi ba ki ga wanda za ki aika ba sai jikan Ralaivao?

Amma na yi tunani. A nan muna da ƙungiyar ɗalibai, ranar ashirin da tara ga Maris muka yi taron cika shekara talatin da tawayen. Mutum goma sha ɗaya suka tashi suka yi jawabi, kowanne kakansa ne ya fara ɗaga mashi. Da na dubi ɗakin sai na ce in kakannin kowa 'yan tawaye ne, to su wa suka riƙa nuna wa sojoji hanya? An ce a gida ma haka, tunda gwamnati ta fara raba lambar girma kowa ya tuna yana daji a shekarar. Ni ban taɓa ganin takardar nan da idona ba. Abin da aka faɗa mini nake maimaitawa, kuma a makaranta an hana mu ba da magani a kan an ce.

Don haka zan je. Ba don ke ba, ba don babanki ba, don in gani ne. Na tambaya an ce sai na samo takardar izini daga malamina, kuma jaridun ƙasashen da suka mulka ba a cikin gari suke ba, sai an shiga jirgin ƙasa. Ga jarrabawa a watan gobe. Kada ki sa rai da wuri, kada kuma ki sa rai da yawa. In na tarar abin yana nan yadda Kaka Randrianja ya faɗa, haka zan rubuto miki, ba zan sa masa sukari ba.

Babana bai san da wannan ba, ina so ya zauna a haka.

Ɗanki,
Tsiry

Ambohitsara, 12 ga Yuni, 1977

Ɗana Tsiry,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Mu nan sanyi ya shigo da ƙarfinsa, da safe raɓa kan daskare a kan karan shinkafa. An gama shigar da amfanin gona. Babanka lafiya, na gan shi a coci. Na koma wurin likitan kamar yadda ka umarta, ranka ya daɗe. Ya ce huhun hagu ne, ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in daina zama kusa da murhu. Ban san inda yake so in zauna a watan Yuni ba.

Mako bakwai ke nan. Duk Talata da Juma'a ina gangarawa tashar jirgi in tsaya a tagar gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa don ya rage mini tafiya. Matar Baffa ta tambaye ni ko saurayi na yi a birni.

In ka fasa, ka ce ka fasa. Ba zan riƙe ka ba. Na san abin da na ɗora maka ba ƙarami ba ne, kuma ka faɗa mini tun farko ba don ni za ka je ba. Amma shiru ya fi ƙi ciwo, domin mai jira ba ya iya kama wani abu. Na ɓata rigar amarya guda a makon jiya, na yanke hannu biyu duk na dama.

Shiri ya kankama. An ɗaure aladu uku, an kama masu busa sarewa daga Ambatomanga, 'yan'uwa na birni sun fara aiko da nasu likkafanin. Mai duba ranaku ya zo ya zagaya ɗakin, ya ce cikin Agusta ne, zai faɗi ranar a zaman dangi. Da ya zo gindin katanga sai ya tsallake babana kamar wanda ya tsallake kwata. Ina tsaye ina kallo.

Zaman ranar biyu ga Yuli ne. In ba ni da komai a hannu ban san da wane baki zan tashi in yi magana a gaban mutum arba'in ba.

Gwaggonka,
Vaonirina

Paris, 10 ga Yuni, 1977
(a bayan kati mai hoton gada)

Gwaggo, gaisuwa. Ina lafiya, na gama jarrabawa. Yau na samu shiga ɗakin ajiyar jaridun, na ga jaridar ta goma sha biyu ga Afrilu. Sunan kakana yana ciki. Sunan babanki yana ƙasa, kamar yadda aka faɗa. An tashi aiki ban gama dubawa ba. Sauran bayani yana tafe. Tsiry.

Ambohitsara, 3 ga Yuli, 1977

Ɗana Tsiry,

Ina gaisuwa, ina taya ka murnar gama jarrabawa. Katinka ya zo kwana biyar bayan na aika maka waccan mai ƙorafi, ashe sun yi saɓani a hanya. Ka yafe mini tsiwar. Jikina da sauƙi wasu ranakun.

Na gode. Ka ce ba za ka sa sukari ba, ba ka sa ba. Sauran bayanin da ka ce yana tafe na jira shi mako biyu, sannan na gane ladabi ne irin na 'yan makaranta. Me ya rage a bayyana? Suna yana sama, suna yana ƙasa.

Jiya aka yi zaman a tsakar gidan Baffa. Da aka zo kan babana kowa ya juyo yana dubana, wasu har sun gyara zama don su ji rigima. Na tashi na ce na janye. Baffa ya ce na yi hankali, Allah ya yi mini albarka. Shekara talatin ke nan bai sa mini albarka ba sai jiya, kuma na ji ta kamar mari. An tsayar da ranar ashirin ga Agusta. Mutum goma sha tara za a naɗe.

Akwai abin da ban faɗa maka ba a wasiƙar farko, yanzu babu amfanin ɓoyewa. Ranar da aka kawo jaridar nan ƙauye, wani mai sayar da gawayi ne ya zo da ita, kwana biyu bayan an tafi da kakanka. A duk gidan babu mai karanta Faransanci sai ni, ina da shekara goma sha shida, ina makarantar mishan. Aka tsayar da ni a tsakar gida, kakarka tana zaune a ƙasa, babanka yana jingine da turmi. Na karanta ina juyawa da harshenmu, ina jin daɗin yadda manya suka yi tsit suna saurarona. Wallahi daɗi na ji. Da na gama labarin Baffa ya ce wa ya rubuta? Na duba ƙasan shafin, inda mai wasiƙa ke sa sunansa, na karanta abin da na gani. Ban ma gane sunan ubana nake faɗa ba sai da ya fita daga bakina.

Da babana ya dawo a watan Yuni, kansa a aske, wuyansa kamar na kaza, ni ce na kai masa ruwan ƙanzon shinkafa na ajiye daga nesa. Ya ce, "Vao, ke ma?" Na juya na koma ɗaki. Shekara shida ya yi yana zaune a bakin ƙofa yana saƙar kwando, babu mai shigowa gaishe shi. Ban taɓa ce masa na yarda da shi ba, domin ban yarda ba.

Na so a ce kuskure na yi. Ashe daidai na karanta. Ban san wanne ya fi nauyi ba. Likkafanin zan ajiye wa kaina, ba zai yi asara ba.

Kada ka ƙara wahalar da kanka. Ka ci abinci, ka gama ka dawo.

Gwaggonka,
Vaonirina

Paris, 18 ga Yuli, 1977

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fata jikin da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau amma tun da na karanta wasiƙarki jiya ban zauna ba. Ranar ashirin ga Yuni na rubuta miki shafi shida tare da hotunan jaridar, na ba wani ɗalibi da ya ce zai sauka Antananarivo a makon. Yau na bincika, ashe ya tsaya Marseille wurin wata yarinya, saƙona yana cikin jakarsa. Katin nan kuwa a tsaye na rubuta shi a gidan waya don kada ki ce na yi shiru. Da na sani da ban aika ba. Laifina ne, ki saurare ni yanzu.

Washegarin katin na koma na ce a kawo mini kundin shekarar gaba ɗaya. Sunan babanki yana ƙasan shafin ƙarshe na goma sha biyu ga Afrilu. Yana ƙasan na biyar ga wata. Yana ƙasan na Janairu, wanda babu komai a shafin sai farashin kofi da tallan keken ɗinki. Na sa aka kawo na shekarun baya, tun talatin da takwas sunan yana nan, wuri ɗaya, da ƙananan baƙaƙe, kowane mako.

Na tambayi tsohon da ke tura kundayen, wanda ya yi aikin ɗab'i kafin ƙafarsa ta lalace. Ya yi dariya. Ya ce dokarsu ce, kowace jarida sai ta sa sunan mutum ɗaya a ƙasa wanda kotu za ta kama in an zagi wani. Masu jarida ba sa son kwana a kurkuku, sai su nemi talaka mai takardar zama ɗan Faransa su ari sunansa. Ya ce yawanci mai shara ne ko mai gadi. Ya ce, "Wannan ba ya rubuta ko harafi, ɗana, aikinsa ya sha duka." Babanki ya samu takardar ne saboda ya yi musu soja a yaƙin duniya na farko. Abin da suka biya shi da shi ke nan.

Sannan na samu abin da kike nema. A fitowar takwas ga Maris, mako uku kafin tawaye, shafi na uku, layi bakwai ne kacal. Jaridar ta zagi wani jami'in mulki cewa yana lallaɓa 'yan ƙasa, ya kai ƙara, kotu ta ɗaure mai sunan ƙasan shafi wata uku. Sun rubuta Ratsimba, sun ce an wuce da shi kurkuku ranar huɗu ga wata. Har da barkwanci suka yi, wai zai huta da shara. Ki ƙirga, Gwaggo. Maris, Afrilu, Mayu. Ya fito farkon Yuni saboda wa'adinsa ya cika, ba don ya sayar da kowa ba. Ranar da aka buga sunan kakana babanki yana kulle mako biyar, kuma ko wahalar cire sunansa daga ƙasan shafi ba su yi ba.

Labarin kakana babu sa hannun kowa. An ce wai daga wani amintacce a yankin. Na duba har ƙarshen shekara ban samu ko wane ne ba, kuma ba na jin za a taɓa samu. Na fito na zauna a tashar jirgi jirage uku suka wuce ni. Tun ina yaro ina da wanda zan tsana, yanzu an karɓe shi, kakana kuma bai dawo ba. Na leƙa manyan jaridun Paris na makon don in ga me suka ce a kanmu. A ɗaya na samu 'yan layuka a ƙasan labarin tseren keke.

Ki daina cewa ke ce. Yarinya ta karanta abin da aka buga. Manya arba'in suna wurin, babu wanda ya hau jirgi ya je birni ya tambaya.

Ga sababbin hotuna biyu, na sake biya an ɗauka. Na rubuta wa babana yau, na faɗa masa komai. Ki kai wa Kaka Randrianja. Saura wata guda, ƙofar ba ta buɗe ba tukuna balle ta rufe.

Ɗanki,
Tsiry

Ambohitsara, 28 ga Agusta, 1977

Ɗana Tsiry,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya. Baƙi sun watse, ƙauye ya koma shiru, sai ƙasusuwan alade da karnuka ke ja. Babanka lafiya. Ni kwana huɗu na yi a kwance bayan bikin, yau na samu ƙarfin riƙe alƙalami. In rubutun ya karkace ka yi haƙuri.

Wasiƙarka ta zo talatin ga Yuli. A tagar gidan waya na buɗe ta, ma'aikacin ya fito ya ba ni kujerarsa. Ban je gida ba, kai tsaye na hau tudu wurin Baffa. Na same shi yana shan rana da bargo a kafaɗa. Na durƙusa na karanta masa layi bakwai ɗin, na juya masa da harshenmu, na faɗa masa abin da tsohon nan ya ce. Ya karɓi hoton ya riƙe shi a juye, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Takardar Turawa ce. Yaushe muka fara gaskata jaridar Turawa a gidan nan?"

Na ce, "Baffa, tun ranar da kuka tsayar da ni a tsakar gida."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce an gama zama, an faɗa wa kakanni mutum goma sha tara, mai duba ranaku ya yi lissafinsa a kan haka, ba a ƙara musu baƙo bagatatan. Ya ce ni da bakina na janye a gaban kowa. Ya ce a bari sai wani karon. Da na tashi zan tafi sai ya riƙe gefen zanena, ya ce a hankali, in Ratsimba bai yi ba, to shi me ya yi shekara talatin? Na zare zanena na tafi. Ban ji tausayinsa ba sai da na kai gida.

Na bi manya ɗaya ɗaya. Kowa ya ce abin tausayi ne, kowa ya ce maganar Baffa ce. Wani ɗan birni ya ja ni gefe ya ce in yi shiru, ana shirin ba dangi lambar girma saboda kakanka, kada a ji muna tono sunan wanda ya yi wa Turawa aiki ko da shara ce. Fasto ya ce shi ba ya shiga sha'anin ɗakin kakanni.

Ranar ashirin aka ture dutsen. Ka san yadda abin yake, ba sai na faɗa maka ba. Aka fito da su a tabarmi, aka naɗe, aka ɗaga su a kafaɗa ana rawa ana kiran sunayensu, sarewa kamar za ta tsaga kunne. Aka fito da likkafanin kakanka marar kowa, shi ma aka yi masa sabo. Sau bakwai aka zagaya ɗakin, kowane zagaye sai sun bi ta gindin katanga. Na zauna a kan duwatsun da na tara don kada a taka babana.

Na zo da likkafanin daga akwati. Tunda ba a tona shi ba, sai na ce zan shimfiɗa masa a kan ƙasa. Iska tana ta ɗage shi, in na danne nan can ya tashi. Sai na ga hannu ya kama ɗaya gefen. Babanka ne. Ya cire hularsa, ya durƙusa da gwiwar nan tasa, ya ɗora dutse a kusurwa. Muka danne sauran kusurwoyin tare. Innarka ta kira shi sau biyu kafin ya tashi. Wannan kaɗai na samu, kuma ban raina ba.

Kafin rana ta faɗi aka mayar da su aka rufe. Sai tamanin da huɗu. Likita bai faɗa mini ba, amma na ga yadda yake kauce wa idona, kuma ni mai ɗinki ce, na san in yadi ya kusa ƙarewa.

Ga roƙona na ƙarshe, ba zan sake aikenka ko'ina ba. Na faɗa wa fasto, na faɗa wa babanka, yanzu ina faɗa maka a rubuce don kai ne mai riƙe takarda. In na mutu kada a buɗe mini ɗakin. A sa ni a waje, a gindin katanga, gefen da ruwa ke fara bugowa. Na san abin da nake faɗa. Tun ina yarinya babu abin da nake tsoro kamar kwanan waje, har yanzu ina tsoro. Amma ya yi shekara ashirin da huɗu shi kaɗai. In wata rana maganarka ta zama mai buɗe ƙofa, ka shigar da mu tare. In ba ta zama ba, ka bar mu, ka dai riƙa ƙara duwatsu.

Da kowa ya gangara cin shinkafa, na fito da hotunanka biyu. Na tsaya a kan babana kamar yadda aka tsayar da ni a tsakar gida, na karanta masa layi bakwai ɗin da ƙarfi, da Faransanci sannan da harshenmu. Na ce masa na yarda, Baba. Sannan na ɗauko ɗayan, na goma sha biyu ga Afrilu, na karanta shi tun daga sama. Da na zo ƙasan shafin sai muryata ta ƙi fita, yadda ya kamata ta ƙi tun wancan karon.

Ka gaida tsohon mai tura kundaye, ka ce 'yar mai shara ta gode.

Gwaggonka,
Vaonirina 'yar Ratsimba